Dodon Masara Mai Silifa

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga kwamiti saboda silifa ba. Ku da kuka kama aiki kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina uwar ɗakunan kwana, wadda ake kira metiron, a wata makarantar 'yan mata ta kwana a ƙasar Gummi, ba a daɗe da fara Shari'a ba. Ni ban yi boko ba, ido aka ɗauke ni aiki dominsa. Kowace Asabar bayan la'asar akan tayar da janareto a sa wa yara kaset a ɗakin cin abinci. Ni kuwa nakan ajiye kujerata gaban talabijin, in ba shi baya, in fuskanci yaran. Ɗiyan mutane aka ba ni amana, ba akwati ba.

Ran nan Malam Bello, malamin tarihi, ɗan Nasarawa Burkullu, ya zo da wani fim. Ya ce wasu Turawa ne ke neman zinariya a dajin mutanen Maya, can bayan teku, waɗanda a tatsuniyarsu da garin masara aka kwaɓa mutanen farko, kuma wani dodon maciji mai gashin tsuntsu ke tsaron dukiyar.

Aka fara. Na ga hamma, na ga masu tsifar kai. Can sai ɗaki ya ɗauki dariya, har wata ta faɗo daga benci. Nan ne kaɗai na waiga. Dodon ne ya fito daga kogo, mutum ne cikin buhu an liƙa masa gashin kaji, silifarsa ta tsinke yana ja da ƙafa.

Da aka tashi kowa da nasa. Mai gadi ya ce dajin nan bai kai na Tungar Daji duhu ba. Uwar kicin ta ce matar da ke niƙa a ciki ko dutsen ba ta iya riƙewa ba. Wata yarinya ta rantse mutum guda ya mutu sau uku. Hassi 'yar Zugu kuwa ta kalli kwanonta ta ce, “Inna, ashe 'yan uwanmu muke ci safe da yamma!” Tuwon masara muke ba su kullum.

Da aka yi hutun tsakiyar zango Hassi ta maimaita maganar a gida. Mahaifinta ya hawo babur har ofishin Shugabar makaranta, ya ce ana koya wa ɗiyarsa cewa daga masara aka halicci ɗan Adam.

Aka ba Malam Bello takardar neman bahasi. Ga wanda bai sani ba, takarda ce da ake ba ma'aikaci ya kare kansa, kwamiti ya zauna, in an same shi da laifi a aika fayil ɗinsa Gusau. Shi kuwa ba a ma tabbatar da shi a aiki ba, ga sabon aure. Korarsa ba wuya.

Kwamitin mutum uku ne: mataimakin Shugaba, limamin makaranta, da ni, tunda ina wurin. Mahaifin Hassi na gefe, Malam Bello na tsaye.

Mataimaki ya ce fim ne na ilimi. Liman ya ce akwai ƙamshin shirka. Da aka zo kaina mataimaki ya yi murmushi. “Inna, ke da kika ba shi baya, me za ki ce?”

Na ce, “Malam, kai ka kalli fim, ni na kalli masu kallo. Na san fuskar yarinyar da abu ya shiga zuciyarta. Ran nan babu ko ɗaya.” Na juya ga liman, na ce, “Ai ba a yanke hukunci da jin ƙamshi. Allah shi gafarta Malam, kai ka gani da idonka?”

Liman ya ce labari ya ji.

Na ce, “To a sa wurin kogon nan.”

Aka sa. Dodo ya fito yana jan silifa. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Mahaifin Hassi ya matsa kusa da akwatin, ya ce, “Wanga ne? Wanga ko akuyata bai kora!”

Na ce, “Alhaji, ɗiyarka ta san Mahaliccinta, ni ke tashinta asuba. Ba aƙidarta ta canza ba, tuwon ne ya ishe ta.”

Aka janye takardar, da sharaɗin liman ya riƙa ganin kaset tukuna. Na tare Malam Bello a ƙofa na ce, “Ba don kana da gaskiya ka tsira ba, don fim ɗinka ba shi da kyau ne. Da dodon nan ya sa takalmin kirki, da yanzu kana tasha.”

Abin da na koya ke nan: yaro yakan faɗi magana, amma abin da yake nufi na cikin kwanonsa. Ku dubi fuska kafin ku ɗauki takarda. Shugaba ta sa aka fara dafa shinkafa ranar Juma'a. Malam Bello ya yi girma a aiki yanzu, amma duk sallar da ya zo gaishe ni, ƙafarsa nake fara dubawa.