Rikoda a Shagon Baba

Shawarar da ta kusa cinye mini digiri da kyakkyawar niyya aka ba ni ita. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da mugunta ce da na san wanda zan ƙullata.

A jami'armu ta Libreville, babban birnin Gabon, kowane ɗalibin sashen sadarwa yana da malamin da ke duba masa hanya: wane darasi zai ɗauka, wanne zai bari sai gaba, wane reshe zai bi idan an zo rabuwa. Tawa mace ce 'yar ƙasa, tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, gajera, kullum tabarau na rataye a wuyanta. Madam muke ce mata. A ƙarshen shekara ta biyu na shiga ofishinta na riga na yanke shawara: reshen hulɗa da jama'a na kamfanoni nake so. In gama, in sami kujera a wani kamfani, in riƙa rubuta sanarwa cikin sanyi, rigata ba ɗigon baƙin mai. Burina bai wuce nan ba, kuma ban ji kunyarsa ba.

Madam ta duba sakamakona, sai ta tambaye ni yaren da muke yi a gida. Na ce Hausa. Ta ajiye biro.

"Mutanenku suna kowace kasuwa a garin nan," in ji ta da Faransanci, "amma duk shekarun da na yi a rediyo ban taɓa jin ɗayansu ya faɗi yadda yake rayuwa ba. Kai kana jin yarensu, a cikinsu aka haife ka. Babu wanda yake da wannan a ajinku. Ka ɗauki aikin jarida na rediyo."

Ba wanda ya taɓa ce mini Hausata wata abar arziki ce. A makaranta ɓoye ta nake yi, a gida kuma dariya ake mini wai harshena ya karye. Kaina ya kumbura, na sa hannu a reshen rediyo tun kafin in tashi daga kujerar.

Abin da ya sa wannan sa hannun ya zama tarko shi ne na riga na maimaita aji sau ɗaya, shekarar da aka yi wa Baba aikin ido na riƙe masa shago. Dokar sashenmu kuwa sau ɗaya ake maimaitawa. Sauya reshe yana nufin komawa baya, komawa baya kuma ba ni da ikonsa. Haka na kai shekarar ƙarshe, na ci duk darussana, saura abu ɗaya: rahoton rediyo na kammalawa, da muryoyin mutane a ciki, wanda kwamitin malamai zai saurara. Madam ta rattaba hannu a kan batuna, rayuwar Hausawa 'yan kasuwa a Libreville. Idan rahoton ya faɗi, shekarar ta faɗi, ni kuma an sallame ni hannu rabbana.

A gida ma an shata mini layi. Baba mutumin Kano ne, yana sayar da kayan gyaran mota a unguwar Oloumi. Idonsa bai dawo daidai ba bayan aikin, sai ya kai ƙarfe dab da hancinsa kafin ya ga lambar da ke jiki. Ni ne babban ɗansa namiji. "Bana ce ta ƙarshe," haka ya ce mini, ba faɗa ba tsawa. "In ka samu takardar, Allah ya sa albarka, ka je ka nemi aikinka. In ba ka samu ba, ga kanta nan." Ban raina shagon ba, shi ya ciyar da ni. Amma na san idan na shiga bayan kantar nan ba fita, kuma ina tsoronta ƙwarai.

Na aro rikoda daga sashe na fara da Port Môle, inda mutanenmu ke kasa kaya a bakin hanyar masu sauka daga jirgin ruwa. Na sami wani dattijo mai agoguna da tabarau, abokin Baba. Kafin in ciro rikodar ya ba ni labari har na rasa wanda zan riƙe: yadda ake tare su a hanya a nemi katin zama, yadda ya kwana a tsare ranar sunan ɗansa, yadda ya yi shekaru bai ga mahaifiyarsa ba don tsoron kada ya fita a hana shi dawowa. Zuciyata ta yi fari. Na ce, "Baba, bari in kunna ka maimaita."

Ya gyara zaman hularsa, ya miƙe wuya, ya yi gyaran murya.

"Bismillahi. To, alhamdulillahi, muna zaune lafiya. Masu ƙasa sun riƙe mu amana, mun gode musu. Kasuwa sai godiya. Allah ya ƙara zaman lafiya."

Na ce, "Maganar katin fa, Baba?"

Ya dubi rikodar, ya dube ni. "Wane kati, ɗana?"

Na ɗauka halinsa ne shi kaɗai. Ashe halinmu ne duka. Mai shayi ɗan Nijar ya ce mini, "Mi za ni ce, ɗan Alhaji? Kashe abin ga mu yi hira." Mai yadi ya yi addu'a ga shugabanni tun daga na Gabon har na ƙauyensu. Na hau tasi har unguwar Batterie IV, gidan wani babban Alhaji da ake kai wa ƙara idan rigima ta tashi a kasuwa, aka zaunar da ni a falo, aka kawo lemo, ya yi mini jawabi mai tsawo wanda in ka matse shi ba za ka sami ɗigo ba. Mu mutane ne da ko gidanmu na cin wuta, baƙo ya tambaya sai mu ce lafiya lau. Ni na san haka tun ina yaro. Abin da ban sani ba shi ne da zarar na riƙe rikoda, ni ma na zama baƙo.

Na fassara abin da na tara, na kai wa Madam. Ta sa abin saurare a kunne, ta bi fassarar da yatsa, ba ta kai rabi ba ta cire.

"Wannan gaisuwa ce," in ji ta. "Ba zan iya kai gaisuwa gaban kwamiti ba."

Na roƙe ta. Ban taɓa roƙon mutum haka ba. Na ce ta sauya mini batu, in yi a kan cunkoson motoci, a kan masunta, a kan kwalbati ma in ta ga dama. Ta ce an rufe sauya batu tun zangon farko. Na ce to a mayar da ni reshen kamfanoni. Ta buɗe tsarin darussan ta nuna mini waɗanda ban ɗauka ba, duk na shekara ta biyu ne. Sai raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana.

"Madam, ke kika sa ni a wannan hanyar. Da kin bar ni da abin da na zo da shi, da yanzu ina rubuta rahoton tallar sabulu na gama."

Ba ta musa ba. Ta ce, "Ni ce. Na hango labarin, ban tambaye ka ko za su yarda su faɗa ba. Ya kamata in tambaya." Wannan amsar ta fi zagi ciwo, don ba ta bar mini wanda zan yi faɗa da shi ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. "Ba taro nake nema ba. Mutum ɗaya ya faɗi gaskiyar abin da ya same shi, ya isa."

Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa ɗan Alhaji mai kayan mota yana yawo da na'ura yana ɗaukar wa jami'an shige da fice murya. Ranar Juma'a na shiga sahu, wanda ke gefena ya amsa sallamata da ƙyar. Mai shayin nan ya hango ni ya juya baya yana wanke kofin da ba shi da datti. Abinci ya daina shiga mini. Nakan zauna a tasi in wuce inda zan sauka ban sani ba. Umma ta ce in zubar da abin a teku in huta, ita dai a bar mata ɗanta da mutuncinsa.

Baba ya aika a kira ni shago. Bayan la'asar ne, ana irin ruwan Libreville da ke sa kwano ya yi ta ƙara har sai ka ɗaga murya. Ba ciniki, makanikai duk sun fake.

"Me nake ji a gari?" ya tambaye ni.

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba, kuma ba don ruwan ba. Na ce masa duk sun gama da ni. Na ce su zauna su yi ta kuka a majalisa daga safe har yamma, amma a kunna abu sai kowa ya zama limami. Na ce karatuna na shekaru zai mutu a kan alhamdulillahi. Na faɗi abin da ɗa bai kamata ya faɗa a gaban ubansa ba, ina yi hawaye na zuba. Ya bar ni har na gaji.

"Kai da aka haifa a asibitin garin nan," ya ce, "ba ka san abin da mutum yake tsoro ba." Ya juya wata ƙusa a hannu. "Ita malamar taka, mutum nawa take so?"

"Ɗaya, Baba."

"Ja ƙofar nan. Kunna abin naka."

Bai gyara hula ba. Ya fara da yadda suka baro Kano shi da ƙanensa, suka gangara kudu har bakin teku, suka shiga kwalekwale da mutane cunkushe kamar buhunan gawayi. Na san ina da baffa da ya rasu a hanya, amma a gidanmu iyakar abin da ake faɗa ke nan, ni kuwa na ɗauka zazzaɓi ne. Baba ya ce da suka matso gaɓar Gabon da asuba, masu kwalekwalen suka ji tsoron 'yan sintiri, suka ce kowa ya dira a ruwa ya taka zuwa cikin itatuwan bakin gaɓa. Suka rantse ruwan iya ƙugu ne. Su biyun ba wanda ya iya iyo. Ƙullin kayansa na kansa, hannun ƙanensa na cikin nasa. Ruwa ya kawo ƙirji, ya kawo wuya, ya shiga baki.

"Har yau ban sani ba," in ji Baba, muryarsa ba rawa, "shi ya sake ni ko ni na sake shi. Na dai fito da ƙullin kayana."

Ya ci gaba, ya faɗi yadda ya yi dako, yadda ya sami kati, yadda ya kafa shago, yadda bai taɓa zuwa bakin teku don shan iska ba. Da ya gama ya ce, "Kada ka sa sunana." Ya tashi ya buɗe ƙofa, ya fara jera batura.

Madam ta karanta fassarar, sannan ta rubuta mini ranar shiga situdiyo. A can na haɗu da abin da na koya a aji amma ban taɓa tunanin zai shafe ni ba. A rediyon Faransanci, idan mutum ya yi magana da wani yare, ana barin muryarsa ta ɗan fito, sai a rage ta can ƙasa, a ɗora fassara a kai. Ba mai karanta mini, sai ni. Na tsaya a gaban makirfo, muryar Baba a kunnena, mai haɗa sauti ya ja maɓalli ƙasa, ya nuna ni da yatsa. Da bakina na ce na riƙe hannun ƙanena, da bakina na ce ban sani ba ko ni na sake shi. Sau da yawa muka tsaya muka sake ɗauka. Na roƙi Madam a bar wannan wurin kaɗai da muryarsa. Ta ce kwamitin ba ya jin Hausa, kuma wurin nan shi ne rahoton.

Na ci jarrabawar. Madam ta riƙe hannuna da hannu biyu a bakin ɗakin kwamitin, ta ce in zo mu tsara abin da zan yi gaba. Na ce mata sai wani lokaci.

Da na kai wa Baba labari ya yi hamdala, ya ce yana so ya ji. Na so in hana, don kunya nake ji. Mutum ya buɗe abin da ya rufe tun kafin a haife ni, ni kuma na binne masa murya da Faransanci don in sami takarda. Na dai sa masa abin saurare a kunne, na tsaya a bayan kanta ina kallon fuskarsa. Ya ji sallamarsa, ya ji ya ambaci Kano, sai na ga ya karkata kai yana neman sauran. Faransancinsa na ciniki ne, bai wuce farashi da gaisuwa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya cire, ya miƙo mini.

"Haka malaman suka ji shi?"

"Haka, Baba. Ka yi haƙuri, ƙa'idar aikin ce. Na nemi a bari, aka ƙi."

Ya sauke ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka.

"Madalla," ya ce. "Ashe ba wanda ya ji ni."