Waɗanda Suka Koma Kafin Suna

A hannun kakata na tashi, Kaka Tumba, mahaifiyar innata, a wani gida mai ɗaki uku a Unguwar Rogo. Ita ba ta jiran dare ya yi nisa kafin ta ba mu tatsuniya, don da ta sallame isha'i barci take yi. Lokacinta tsakanin magariba da isha'i ne, in an sauke tuwo, wutar murhu ta faɗa ta zama garwashi. Sai ta cusa dankali biyu ko uku cikin toka, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen ɗumi, mu jikoki mu kewaye ta, rabin hankalinmu a kanta, rabi a kan dankalin.

Tana da nata salon buɗewa. "Ga wata nan tahe daga nesa, ku gyara mata tabarma." Mu ce, "Ta iso, mun gyara." In wani ya yi hamma ta ce, "Kai mai bakin rijiya, ruhe shi, kada tatsuniyata ta hwaɗa ciki."

Yawancin tatsuniyoyinta sun zube mini. Ɗaya ce ta zauna daram, ta tsuntsayen tsamiya.

Wai a wani daji akwai ƙatuwar tsamiya da tsuntsaye suka mayar gari. Duk damina sai wasu ƙwai su yi sanyi su lalace, wasu 'yan tsaki su mutu kwana ɗaya da ƙyanƙyasa. Uwar da abin ya sama sai ta tura ɓawon ƙasa tun maƙwabta ba su farka ba, ta share sheƙarta, in an ce mata ina kwana ta ce lafiya lau. Kurciya na zaton ita kaɗai ce. Hasbiya ma haka. To, akwai wata tsohuwar zabuwa mai kiwo a gindin tsamiyar, ita ce ɓawon ke faɗo wa a ka. Ta yi ta tarawa, har wata rana ta kira taro.

A nan Kaka takan ƙanƙance murya ta zama zabuwa. "Doka biyu gare ni. Ba a hwaɗin sunan kowa wajen wanga taro. Kuma wadda duk tac ce ma 'yar'uwatta sakacinki na, ta tashi ta ba mu wuri."

Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya: a wane reshe kika yi sheƙa, wace rana ce, me ya faru kafin nan? Da aka jera amsoshin sai ga shi kusan duk ɓawon daga rassan gabas ya faɗo, inda hadari ke fara bugowa da iska. Damina ta gaba suka mayar da sheƙunansu yamma.

Na tuna na ce, "Kaka, daga nan sun daina mutuwa?"

"A'a, ƙawata. Mutuwa ta Allah ta. Amma waɗanda iska ka kashewa sun ragu ƙwarai." Ta tono dankali ta hure tokar. "Tatsuniya ta naɗe tabarmatta ta wuce gidan gaba. Ku miƙo hannu."

Mu dai dankalin muka fi ganewa.

An yi mini aure zuwa Runjin Sambo, Kaka ta rasu ina goyon ɗan fari. Cikina na biyu ya zo babu rai, a gida. Na uku ita ce Hafsatu, tana nan. Na huɗu namiji, ya kwana biyu ya koma. A wurinmu jaririn da ya koma kafin ranar suna ba a yawan maganarsa. Maza su ɗauke shi su kai shi, mata su ce miki Allah shi sa mai ceto ne, ki ce amin, shi ke nan. Ba a sa shi in ana ƙirga 'ya'ya. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, don kada a riƙa tayar wa uwa da ciwo.

Da ciki na biyar na fara zuwa awo asibitin unguwarmu. Ma'aikaciyar da ke buɗe kati tana zaune a baranda, mata jere a kan benci suna jin komai. Ta ce, "Haihuwa nawa?" Na ce biyu. "Duk suna raye?" Na ce suna raye. A ganina ban yi ƙarya ba. Aka gwada ni, aka ba ni ranar dawowa mai nisa. Cikin wata na takwas ƙafafuna da fuskata suka kumbura, kaina ya riƙa sarawa. Ban damu ba, don haka na ji a waɗancan biyun, na ɗauka haka nawa cikin yake. Sai motsi ya tsaya. Shi ma namiji ne. Ban ji kukansa ba.

Washegari da hantsi wata babbar ungozoma ta zo bakin gadona a asibiti, Sista Rifkatu, mutuniyar wajen Jos da ta daɗe tana aiki a Sakkwato. Ta ja labule, ta yi mini gaisuwa kamar wadda muka haɗa dangi, sannan ta ce akwai tsarin da ake ƙoƙarin kafawa a ƙasa baki ɗaya: duk jaririn da ya zo babu rai, ko ya koma cikin kwanakinsa na farko, a rubuta yadda abin ya faru, ma'aikata su zauna su duba inda aka samu giɓi. Ta ce tana so ta yi mini tambayoyi, in na yarda.

Innata na zaune a ƙasa tana haɗa mini kunu. Ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah, abin da Allah ya riga ya amsa, mi za a tono? Ku bar ɗiyata ta ji da ranta."

"Gaskiyarki, Mama," in ji Sista. "Wannan ba za mu iya dawo da shi ba. Na gaba nake roƙo. Kuma takardar da za ta fita daga asibitin nan babu sunan 'yarki Kulu a kanta, babu na ma'aikaci. Ba mai laifi muke nema ba."

Ni ma ba na son magana. So nake in juya wa bango fuska. Amma da ta ce babu suna, babu laifi, sai na ji kamar Kaka ce ta ƙanƙance murya a gefen kunnena. Kuma na san zan sake ɗaukar ciki, kuma in aka bi hanyar da aka bi sau uku, inda aka sauka nan za a sauka.

Na ce, "Tambayi, Sista."

"Tun da aka yi miki aure, sau nawa kika ɗauki ciki? Har da waɗanda ba a raɗa wa suna ba."

"Biyar."

Ranar na fara faɗin wannan adadi da bakina. Inna ta ci gaba da juya kunun da ya riga ya huce. Sista ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wata nawa, me na ji, kumburi, ciwon kai. Ba ta gaggauta ni ba. Inda na yi kuka ta ajiye biro ta jira.

Da na koma ganin likita bayan arba'in, Sista da kanta ta neme ni. Ta ce sun zauna, likita da ungozomomi da masu buɗe kati, sun gane hawan jini ne irin na masu ciki, kuma da katina ya nuna waɗancan biyun da ba a ba ni rana mai nisa ba. Na sunkuyar da kai na ce to ni na ja. Ta ce, "A'a, Kulu. Tambayarmu ce ta yi gajarta, kuma a gaban jama'a muka yi ta. Wace mace za ta ƙirga matattunta a kan benci?" Daga lokacin suka mayar da buɗe kati cikin ɗaki, suka sake yadda ake tambayar. Ta ce abin da suka gano zai tafi jiha, daga can ya haɗu da na sauran jihohi, don abin da asibiti ɗaya ya gani sauran su amfana. Ba ta ɓoye mini ba cewa aikin da saura, musamman matan da ke haihuwa a gida, waɗanda labarinsu ba ya isa ko'ina.

Na daɗe ina jinjina wannan hali. Mutane masu ilimi su zauna su ce kuskurenmu ga shi, ba tare da an kama kowa ba, ba abu ne mai sauƙi ba. Da ina yarinya na ɗauka wayon zabuwa shi ne gano gabas. Yanzu na ga babban aikinta shi ne sa kurciya ta buɗe baki ba ta ji tsoro ba.

Ciki na shida, lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci, da kaina na karanta abin da aka rubuta a katina: ciki shida, biyu a raye. Duk mako biyu nake zuwa, ana gwada jinina, ana ba ni magani. Da kumburin ya fara, aka ba ni gado. Ba su jira wata tara ya cika ba. Mace ce, 'yar mitsitsiya, amma kukanta har baranda.

Ranar suna da la'asar, mata sun watse, Inna na riƙe da ita tana gyara mata hula. Na ce, "Inna, Kaka haihuwatta nawa?"

"Mu huɗu na, kin sani."

"Har da waɗanda sunka koma."

Sai na ga tana lanƙwasa yatsu a bayan jaririyar. Hannu ɗaya ya ƙare, ta koma ɗayan, shi ma ya ƙare, ta ƙara ɗaya.

"Goma sha ɗaya," ta ce. Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar. "Ni ba ki tambaye ni ba."

"Ina tambaya, Inna."

Ta miƙo mini jaririyar, ta buɗe hannunta, ta fara daga ɗan ƙaramin yatsa.