Ɓawon Tumukun Suri

Ni fa ba a lekol, wato makarantar boko, na koyi tumukun suri ba. A gindin teburin goggona na koye shi, a rumfarta ta Grand Marché, babbar kasuwar garinmu, inda take sayar da saiwoyi da sassaƙe tun ban san dama da hagu ba. Tumukun suri abin nan ne da ke tsirowa a jikin suri bayan ruwa, fari, da kai kamar ƙwan agwagwa. Baƙin garin da ke cikinsa mata ke saye su barbaɗa a ƙuna. To amma cinikin duk a ɓawo yake. In ɓawon ya tsage, danshi ya shiga, garin ya dunƙule ya tashi daga aiki. Kuma ba a fasawa a duba, don wanda aka fasa ba mai saye. Da yatsa ake jinsa, a kaɗa shi a kunne.

Shekarar da idon Goggo ya mutu, ɗanta ya matsa a ba wani mai sayar da wayoyi rumfar. Ta ce in na ware buhu guda ba kuskure, rumfa tawa ce. In na kasa, a bayar. Ni kuwa ban daɗe da fita takaba ba, ga 'ya'ya uku a gida a unguwar Chagoua, ba ni da wata sana'a.

Wani makiyayi Bashuwa ya kawo buhun. Na zauna na ware, masu kyau a faifai, marasa kyau a ƙasa, Goggo tana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsu. Can sai ta ɗago wani daga ƙasa, ƙato, sumul.

"Ke, wannan fa? Idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "Goggo, ya sha ruwa. Akwai tsaga a gindinsa, siririya kamar gashi."

"Ji min 'yar nan! Ni za ki koya wa?"

Ɗanta har ya fara murmushi. Wallahi raina ya ɓaci. Da wata rana ce, da na yi shiru na bar mata girmanta. Amma in na yi shiru rumfa ta tafi, kuma na san abin da yatsana ya ji. Na ce, "A fasa, Goggo."

Da kanta ta fasa. Gari bai tashi ba. Wani abu ne caɓal ya manne mata a babban yatsa, yana warin fumfuna. Ta daɗe tana murza shi. Na ci, amma ban ji daɗi ko kaɗan ba, tausayinta ne ya kama ni.

"Kalas, shi ke nan," in ji ta. Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta miƙo mini. "Ashe yatsun ma sun bi idon."

Har ta rasu tare muke zuwa kasuwa, tana zaune a gefena tana amsa gaisuwa. Amma hannunta bai ƙara shiga buhu ba.