Zunnuraini da Allon Kwamfutata

A shekarar 2012 na fara sanin Zunnuraini. Lokacin yana sayar da fetur a kwalba kusa da shingen kan iyaka, ni kuwa na yi ritaya daga koyarwa, ina zuwa wurin sayen man babur. Haifaffen Daddara ne, bai wuce aji huɗu ba. Daga baya ya bi wata motar hatsi zuwa Maraɗi, ya shekara uku a rumfar wani mai gyaran waya, ya dawo Jibiya ya kama shago a bayan tasha. Faransanci kuwa a jikin wayoyi ya koye shi. Yana da ɗabi'a guda: ba ya kwance kowace na'ura sai ya tambayi mai ita abin da ya taɓa na ƙarshe.

Bara ne na kai masa tawa matsalar. Ina da tsohuwar kwamfutar cinya da aka sayo mini a Maraɗi, komai nata da Faransanci. A cikinta na adana hotunan makarantar mishan ɗinmu guda sittin da huɗu, waɗanda gara ta cinye na takardarsu. Ɗaya daga ciki shi ne kaɗai hoton Marta, mahaifiyar abokina Zaki, da ya rage a duniya. Zaki yana zaune a Maraɗi, idonsa ya fara rauni, ya kuma aiko cewa zai ƙetaro ranar Lahadi don ya ga fuskar uwarsa tun yana iya gani.

Ranar Alhamis wani rubutu ya fito a allon. A mishan an koya mana cewa umarnin da ya zo a rubuce ba a yi masa gardama, sai na danna. Da kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi, allon ya cika da zane-zane kore da ja, haruffa suka kumbura, can ya yi baƙi. Wani mai gyara ya ce allon ya mutu, sabo kuwa sai an aiko daga Kano, mako biyu. Sai na ɗauke ta zuwa shagon Zunnuraini, na ba shi labarin idon Zaki da zuwansa ranar Lahadi.

"Baba Haggai, mi ka taɓa?" in ji Zunnuraini.

"Ban taɓa kome ba. Ita ta tambaye ni, na amsa."

"Ka san abin da ta tambaye ka?"

"Ban sani ba, amma na kwafe shi."

Na ciro ɗan littafina. Na rubuta saƙon harafi bayan harafi, da kwanan wata, da lokaci: goma da minti bakwai na safe. Ya karanta, ya yi dariya har da buga cinya.

"Wallahi Baba, da duk masu kawo min gyara irinka ne, da azahar na riƙa tashi aiki! Cewa ta yi za ta canza direban hoto, kai kuma ka ce bismilla."

Ya bayyana mini cewa direban wata ƙaramar manhaja ce da ke gaya wa allo yadda zai nuna hoto. Sabon da ya shigo an yi shi ne don kwamfutocin yanzu, tawa tsohuwa ba ta iya ɗaukarsa. Amma bai tsaya ga zato ba. Ya jona ta da talabijin ɗin shagonsa, zanen nan ya fito a can ma.

"Ka gani? Allonka lafiya lau. Da ka sayi sabo, da zanen ya bi ka."

Ya kashe ta, ya tayar da ita ta wata hanya da ba ta amfani da direban, hoto ya fito tas. Ya cire sabon, ya maido tsohon, ya hana ta sake canzawa da kanta. Minti arba'in da biyar, na duba agogo.

Don gwaji ya buɗe hotunan, yana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsaya a kan na wata mata mai farin kallabi.

"Wagga fa?"

"Matata ce, Rachael, mai rasuwa. Ungozoma ce."

Ya ce, "Inna ta sha faɗa mini. Da damina, rafi ya kawo, wata Rachael ta ƙetaro da ƙafa ta karɓi haihuwata. Ban taɓa ganin fuskarta ba."

Ya naɗe wayar caji ya miƙo mini.

Ranar Lahadi bayan sujada Zaki ya iso. Na buɗe masa hoton, ya kawo fuska har hancinsa na taɓa allon. Ya ce, "Haggai, inuwa kawai nake gani."

Muna cikin haka muka ji babur a ƙofa. Zunnuraini ne, ya ɗauro talabijin ɗin shagonsa da igiyar roba, ranar da ciniki ya fi yawa. Ba wanda ya aike shi. Ya jona, ya faɗaɗa hoton har fuskar Marta ta cika gilashin.

Zaki ya miƙe tsaye. "Ga ta! Ga tsagar kumatunta! Ashe ni na kwaso kunnuwan nan!"

Muka yi ta dariya, shi yana share hawaye. Da na juya in yi godiya, Zunnuraini ya riga ya hau babur. Ya ce a bar talabijin ɗin har Zaki ya ƙoshi da kallo, zai zo ɗauka ranar Talata.