Furen da Na Binne wa Saiwa

Lokacin da muke haya a unguwar Ɗan Iya, ina da maƙwabciya 'yar kudu mai shagon yadi. Da za ta tafi garinsu a yi mata aikin ido, sai ta kawo mini ajiyar wani fure, wai shi okid. Marigayi mijinta ne ya raine shi, shi kaɗai ne abu mai rai da ya bar mata. Ta ce in riƙa ba shi ruwa kaɗan duk Juma'a, in bar shi a inuwa, shi ke nan.

Ni kuwa da na leƙa tukunyar sai tausayi ya kama ni. Babu ƙasa ko kaɗan, gawayi ne da ɓawon kwakwa, ga saiwoyi sun zubo waje fari-fari. 'Yar manoma ce ni. A gidanmu na Miri, shukar da saiwarta ke waje an wulaƙanta ta. Na sa aka kawo mini ƙasa da takin shanu, na sake masa tukunya, na binne saiwoyin, na danne da tafin hannu. Har daɗi na ji.

Kafin sati biyu ganye biyu suka yi ruwan ɗorawa, suka saki. Na ƙara ruwa, na uku ya faɗi. Ina tuƙa tuwo ina leƙensa, ina salla yana raina. Amana ce, kuma da hannuna na ɓata ta. Sau biyu ta kira, ina kallon wayar, na ƙi ɗauka. Har yau ina istigfari a kan wannan.

A kira na uku na ɗauka. Na tambayi jiki, ta ce an cire bandeji. Sai na faɗa mata komai.

"Maman yara, cire shi yanzu," in ji ta. "A daji jikin itace yake maƙalewa, ba ya shiga ƙasa."

Tana kan waya na juye tukunyar a faranti. Wari ya taso. Saiwoyin sun yi baƙi, ina taɓawa suna narkewa. Ta ce in gasa almakashi a wuta in yanke duk wadda ta ruɓe. Ina yanka ina tsoron in gama ban bar komai ba. Biyu suka rage masu tauri, waɗanda suka kuɓuce mini ban binne ba. Na wanke gawayin girkina, na farfasa, na mayar da furen tsohuwar tukunyarsa mai ƙofofi.

"Bar shi haka," ta ce. "Kar ki ƙara tausaya masa."

Wata guda na yi ina zagaya shi hannuwana a baya. Ranar da ta dawo, ko zama ba ta yi ba, ta durƙusa ta kai idon da aka gyara dab da tukunyar. Ta daɗe. Sannan ta nuna mini kan wata sabuwar saiwa, kore, bai fi ƙwayar gero ba. Ta rungume tukunyar ta tsallaka gidanta, ni kuma na zauna a dakali ina bin ta da kallo.