Awa Ɗaya da Na Rasa Inda Zan Ajiye Ta

Shekarun baya, ina cikin shekarata ta uku da fara aiki, ina koyar da lissafi a wata lise, wato babbar sakandare, da ke yankin Dungass. A shekarar ne aka mayar da mai tsara mana jadawalin darussa Magaria, ba a kuma turo wani ba. A taron malamai darakta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, tunda aikin ƙidaya ne, a ba mushen lissafi." Ni ke nan, don a wurinmu mushe ake ce wa malami. Har wani daɗi na ji. Ban lura ba cewa tsofaffin malamai duk sun sunkuyar da kai suna ɓoye murmushi.

Na yi kwana biyu da rula da bik, wato biro, ina zane. Jadawalin ya fito tsaf, kowane malami da awoyinsa, babu karo. Awoyin safe na ajin tarminal, wato masu shirin bak, jarrabawar gama sakandare, na ba kaina. Ban ɗauki wannan son kai ba. A wurina abu ne sananne, lissafi sai da sanyin safiya.

Mako uku da buɗe lakol, wato makaranta, sai takarda ta zo daga sama. An ce dole 'yan tarminal su samu awa ɗaya kowane mako ta darasin kiwon lafiya, ma'aikacin asibiti ne zai koyar, kuma makin zai shiga takardar sakamakon zango. Darakta ya miƙo mini ita yana cewa, "Mushe, awa ɗaya ce tak. Samo mata wuri." Asibitin garin ya ba mu ungozomarsu, wata dattijuwa mai gilashi da kowa ke kira Madam.

Na duba jadawali, na ga awar ƙarshe ta Alhamis babu kowa a kai. Na ce shi ke nan, an gama. Ashe akwai dalilin da ya sa wanda na gada bai taɓa sa komai a wurin ba. Alhamis ce kasuwar garin. Daga ƙarfe goma sha ɗaya ɗalibai ke zamewa, wannan zai riƙe wa babansa awaki, waccan za ta taya innarta awon gyaɗa. Madam ta zo a kan motonta, wato babur, ta tarar da mutum bakwai cikin arba'in da 'yan kai. Ta gaishe su, ta juya.

Na mayar da darasin Juma'a, daga sha biyu zuwa ɗaya. Tun kafin Juma'ar ta zo sai ga shugaban ƙungiyar iyayen yara, wani tsoho mai sanda. Ya zauna, muka gaisa har aka tambayi gida da gajiya, sannan ya ce, "Ɗana, yaran nan yaushe za su yi wanka su tafi masallaci?"

Na ce, "Baba, ai ƙarfe ɗaya za su tashi."

Ya ce, "Wanda gidansu ke hanyar Guci, ƙarfe ɗaya zai tashi, ya je, ya yi wanka, ya dawo ya samu huɗuba? Kai kana iyawa?"

Ba na iyawa. Na goge.

Daga nan ne abin ya fara rikice mini. Na sake samun wani gurbi a tsakiyar mako, na yanki takarda na rubuta wa Madam cikin sauri: M, ƙarfe goma. Wanda ya yi lakol a ƙasarmu ya san da faransanci Talata da Laraba duk da wannan harafi suke farawa. Madam ta ɗauka Talata. Ta zo ta tarar da mushen fizik a gaban tablo, wato allon aji, yana ta zuba. Washegari Laraba ɗalibai suka zauna jiranta har awar ta ƙare. Da darakta ya kira ni ya tambaye ni wace rana nake nufi, wallahi na tsaya ina kallon takardar da hannuna ya rubuta, na kasa tunawa. Na ce Laraba, don dai in faɗi wani abu.

Na tafi asibiti da kaina in ba da haƙuri. Na tarar da mata cike da rumfa, wasu a kan tabarma, wasu a tsaye. Madam ta leƙo ta ce, "Mushe, ka gan su? Yau Laraba, ranar awon ciki. Wasu tun asuba suka taso a amalanke. Idan ka ce in bar su in zo wurinka, faɗa musu da bakinka." Matan suka zuba mini ido. Na yi musu sannu, na hau hanya.

Sai na gwada yamma, ƙarfe huɗu. Lokacin kaka ce, ana tsinkar wake, ana cirar gyaɗa. 'Yan ƙauye in sun koma gida da rana gona suke wucewa, iyayen 'yan mata kuma suka ce ba za a bar su su dawo cikin duhun magariba ba. 'Yan cikin gari kaɗai suka zo.

Kafin a ankara jadawali uku ne a manne a bangon ofis, don duk wanda na sauya ina mantawa in cire na baya. Duk lokacin da na matsar da awar nan sai ta ture wata, waccan ma ta ture wata. Mushen filo, wato falsafa, ya daina gaishe ni. Ɗalibai suna kwafar wanda idonsu ya fara faɗawa a kai. Wata safiya ni da kaina na shiga aji, na cika tablo da lissafin 'yan tarminal, ina ta bayani har gumi. Ajin ya yi tsit, na ce a raina yau kam ana fahimta. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Mushe, mu fa bana muka shigo lise." Na tattara allina na fita, ban ko goge tablon ba.

Mako shida suka wuce, ba a yi darasin lafiya ko sau ɗaya yadda ya kamata ba. Darakta ya kira ni, fuskarsa babu wasa. Ya ce zango na ƙarewa, ba zai sa hannu a takardun sakamako da gurbi fanko ba, kuma in masu bincike suka zo sunana zai faɗa. Na ce masa na gwada ko'ina, babu wuri. Kuma har cikin zuciyata haka na yi imani.

A ranar Madam ta zo da kanta, ta same ni ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke bakin ofis, jadawali a kan cinyata. Ta ce in ba ta. Ta gyara gilashi, ta bi shi da yatsa, ta tsaya a kan Litinin, ƙarfe takwas na safe.

"Wannan lokacin ina da sarari. Majo, shugaban asibitinmu, shi ke duba marasa lafiya, ni sai goma nake karɓa. Kuma yara duk suna nan. Me ke wurin?"

"Lissafi ne, Madam."

"Wa ke koyarwa?"

Na ce, "Ni ne."

Ta cire gilashin ta dube ni. Sai na kama bayani: lissafi ya fi kowane darasi nauyin maki a bak, ƙwaƙwalwa da safe take buɗe, manhaja tana da tsawo. Ta bari na gama.

Ta ce, "Ɗana, ni ban ce nawa ya fi naka ba. Kai ka yi wata ɗaya da rabi kana tambayata yaushe, na faɗa maka yaushe. Amma ka sani, a daminar nan biyu daga cikin 'yan ajin nan an kawo mana su zazzaɓi ya hau musu kai, don sun yi kwana biyar suna shan maganin tebur na 'yan kasuwa. Ɗaya da ƙyar muka samo shi. Abin da nake son faɗa musu ke nan, kuma ina son su ji shi idonsu biyu."

Abin da ya ɗaure mini kai ba maganarta ba ce. A duk makonnin nan na matsar da fizik, na matsar da filo, na matsar da tarihi, na taɓa ranar kasuwa, na taɓa Juma'a, amma ko sau ɗaya idona bai ga awoyina a matsayin abin da ke motsi ba. Ba ƙi na yi ba. Ban gan su ba ne kawai.

Na ba ta Litinin. Awar lissafin da na cire kuma babu inda za ta shiga sai wancan gurbi na Alhamis. Ni ne na koma mai koyar da benci fanko ranar kasuwa. Ran Litinin kuwa sai in bi ta bayan taga kamar mai wucewa. Aji cike, ana dariya, hannuwa a sama, har waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba suna tambaya. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kishi.

Cikin masu tafiya kasuwa akwai wani dogon saurayi daga wajen Mallawa. Mahaifinsa dillalin dabbobi ne, ƙafarsa ba ta da lafiya, shi ke kora masa. Bai taɓa zama awar Alhamis ba, kuma a awar ne na koyar da babi guda cur. Da sakamakon bak ya fito, ya faɗi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma makinsa na lissafi ne ya ja shi ƙasa. Na haɗu da mahaifin a kasuwa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah bai nufa ba, Mushe. Mun gode da ƙoƙari." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi shekaru ɗauke da wannan. Wani lokaci in ce na yi daidai, wani lokaci in ce na sayar da yaron mutane don kunyar dattijuwa.

Bayan an daɗe, na haɗu da saurayin nan a tashar Magaria. Ya zama magidanci, yana fataucin wake zuwa ƙetaren iyaka. Ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi jakata. Muna jiran mota ta cika na daure na ce masa ya yafe mini, da ban mayar da awar nan Alhamis ba da wataƙila ya samu bak ɗinsa.

Ya dube ni yana ƙifta ido. "Wace awa, Mushe?"

Na yi masa bayani tun daga farko. Sai ya fashe da dariya har yana dafa mota. Ya ce, "Haba Mushe! Wannan ne ke damunka? Ai ni ko awoyin da nake zuwa, tun daga farkon shekara har ƙarshenta, ban taɓa gane abin da kake faɗa ba. Gyaɗa kai kawai muke yi don kada ranka ya ɓaci."

Na ce, "Muke?"

Ya ce, "To, akwai dai mutum huɗu a bencin gaba."

Yanzu na daɗe da barin tsara jadawali, kuma in matashin malami ya tambaye ni inda ya kamata a sa darasin lafiya, nakan ce masa ya fara duba awoyinsa kafin na kowa. Iyakar abin da na tabbatar ke nan. Sauran kuwa har yau ban warware ba. Na shiga motar nan ranar, ya biyo ni har taga yana yi mini addu'a, ni kuma ina ɗaga masa hannu, ban san ko godiya zan yi masa ba ko fushi.