Mutumin da Ake Kayarwa Kullum

Ni mutumin Tawa ne ta Nijar, kuma a Tawa abu guda muka sani game da wasan maza: wanda ya kai ƙasa ya sha kaye, sai ya kakkaɓe wandonsa ya ba mutane wuri. Da wannan ilimin na zo Paris karatu, da shi na tsufa a ɗakin awon ruwan sha inda nake aiki, kuma da shi na je na kunyata kaina a Lyon gaban abokan 'yata.

Ita ce 'yata ta fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi gaban mutane, ba a yabonsa. Haka ubana ya yi wa yayana, haka ni ma na yi mata. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta sai in ce "waccan". Ƙannenta kuwa sun hau wuyana, sun ja gemuna yadda suke so. A wurina kunya ce irin ta gida. Ita da ta tashi a Paris, tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a bakin lakwal, wato makaranta, sai ta ɗauka ba na son ta. Ban gane hakan ba sai da ta samu aiki a Lyon ta tafi. Kullum tana kiran uwarta, su yi awa guda suna hira, a ƙarshe in ji an ce "a gai da Baba". Wayata kuwa ba ta ganin saƙonta sai ranar Salla, shi ma layi ɗaya. Wallahi abin yana ci mini rai. Ina son yarinyar nan ta kira ni, ni da kaina, ko da zagi ne, amma ban san ta inda zan ɓullo wa al'amarin ba.

Wata Lahadi a ƙarshen Agusta, bayan la'asar, Hajiya, uwar yaran, ta ajiye waya a kan tebur ta buɗe murya tana yankan albasa. Ni kuma ina falo, wai ina karanta jarida. Sai na ji waccan tana ƙorafi. Ashe su da abokan aikinta suna wani wasa: kafin a fara kakar ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular ƙarfe, kowa sai ya zaɓi 'yan wasa a waya, in ɗan wasanka ya yi abin kirki a fili sai a ba ka maki. Bara ita ce ta ƙarshe, sun shekara suna yi mata dariya. Bana kuma akwai wani mai gudu da ƙwallo da ta rasa yadda za ta yi da shi. Da can gwani ne, amma shekaru sun fara ja, an yi masa aiki a gwiwa, ya koma sabuwar ƙungiya, ga kuma wani matashi a bayansa yana jiran wurinsa. Ta ce, "Mama, ni ba ni da wanda zan tambaya ma."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Turo mini shi in gani."

Hajiya ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallona. Can sai muka ji muryar waccan a wayar, "Baba ne?" Na ce ni ne mana, akwai wani ƙaton a gidan ne ban da ni? Ta ce to. Ba a yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara, bidiyo shida suka shigo a jere. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada Hajiya ta ga fuskata.

Matsalar ita ce ban taɓa kallon wasan nan ba ko sau ɗaya. Amma na ce namiji dai namiji ne, ƙafa ƙafa ce, kuma na san wanda ya san ƙafa. Akwai wani Alhaji ɗan garinmu a Montreuil, nan gefen Paris, ya girme ni da shekaru da yawa, ya ajiye aiki tuntuni. Yana saurayi ya yi kokowa, har yau in lokacin babbar gasar kokowa ta cin takobi ya zo a gida ba ya cin abinci sai waya tana jingine da kwano yana kallo. Ran Laraba na tashi aiki da wuri na hau metro, jirgin cikin gari, na same shi.

Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Lyon, ya sake tambayar gajiya. Ya ɗora shayi. Sannan na ce, "Alhaji, wani ɗan wasa na kawo maka ka duba mini, za a saye shi ne ko a bar shi." Ya sa tabarau, ya gyara zama, ya ce bismilla.

Bidiyon farko: aka miƙa wa mutumin ƙwallo, ya ruga, ƙatti uku suka tare shi, rim, yana ƙasa. Alhaji ya ce, "To, ya ƙare. Saka na gaba." Na ce ai bai ƙare ba, ga shi ya tashi. Aka sake ba shi ƙwallo, aka sake maka shi da ƙasa. Alhaji ya cire tabarau ya goge. Karo na uku har da wani ya zauna a kansa.

"Malam," in ji shi, "wanga dangin mai ƙungiyar ne?"

Na ce ban sani ba.

"Awo, dole danginsa ne. In ba haka ba mi ya sa ake ta ba shi abin? Kuma duba, ba ya ma tsayawa a kama. Da ya ga namiji ya nufo shi sai ya kauce ya sheƙa. Ga ragwanci, ga kaye. A Tawa ko makaɗi ba ya samu."

Muka kalli duka shidan. Tun muna ƙirga kaye har muka gaji muka bari. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga wannan ne ake so a liƙa wa 'yata. Sai Alhaji ya dangwala yatsa a kan gilashin waya ya ce in tsayar. Ya nuna mini wani ƙato a sahun gaba, wuya kamar turmi, wanda ba ya taɓa ƙwallo ko kaɗan, aikinsa kawai ya cafke na gabansa ya yi ta tura shi. Muka koma baya muka bi shi bidiyo bayan bidiyo, bai faɗi ba ko sau ɗaya. Alhaji ya ce, "Ga ɗan wasa nan an bar shi a banza. Ka ce mata ta ɗauki wanga." Na rubuta lambar rigarsa a bayan tikitin metro.

Da zan iya aika mata saƙo. Amma na ji an ce ran Asabar za su taru a gidanta su yi zaɓen bayan cin abincin rana, sai na ce magana mai nauyi ba a faɗin ta a waya. Hajiya ta ce, "Malam, an gayyace ka?" Na ce uba ba ya jiran gayyata. Ta ce to Allah ya tsare, ta ɗaure mini kilishi da yaji, tana dariyar da ban so ba.

Na sauka Lyon da hantsi, na hau jirgin taram har Vénissieux, unguwar da take zaune. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni da babbar riga da leda, sai da ta ja da baya. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon bango yadda na saba. A falo akwai mutum biyar, kowa da kwamfuta a cinya. Huɗu Faransawa ne. Ta biyar ƙawarta ce, 'yar Jos, likitar haƙori, mai baki kamar rediyo. Ita ta tashi ta karɓi ledar, ta ce, "Baba, sannu da hanya, mun ji labari kai ne koci."

Aka ci abinci. Ana gamawa na yi gyaran murya na miƙe, don ba a yanke hukunci a zaune. Na yi maganar da Faransanci don kowa ya amfana. Na ce na duba mutumin nan da idon basira, ni da wani masani, kuma mun samu aibu babba: duk lokacin da aka ba shi ƙwallo sai an kayar da shi. Duk lokaci! Na ce wanda ya yi haka bara zai yi bana, don tsufa ba ya ƙara wa mutum tsayuwa. Sannan na zaro tikitin metro na karanta musu lambar ƙaton, na ce ga wanda za a ɗauka.

Da farko ba wanda ya motsa. Sai wani dogon Bafaranshe ya sa hannu ya toshe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. 'Yar Jos kuwa ba ta ɓoye ba, ta zame daga kujera ta dafe ciki tana cewa, "Wayyo Allah, Baba, ka kashe ni! Ai kowa kayar da shi ake yi, wasan ke nan! Wancan ƙaton kuma ba a zaɓen irinsu, ba ya kawo maki ko ɗaya!"

Na dubi 'yata. Ita ba ta yi dariya ba. Kanta yana ƙasa, tana murza bakin gyalenta. Wannan ya fi dariyar ƙona ni. Na ce, "To madalla, wasan da ake biyan mutum don ya faɗi, ku ci gaba da abinku." Na wuce kicin na tsaya gaban taga ina kallon dogayen benayen unguwar, ina zagin Alhaji a zuci, ina lissafin jirgin da zai maida ni Paris da wuri.

Ta shigo ta ja ƙofa. Ta tsaya can nesa, jikin firiji. Ta ce, "Baba, duka shidan ka kalla?"

Na ce sau uku-uku.

"Har Montreuil ka je?"

Na ce ai ba nisa.

Sannan ta matso da wayarta, ta kunna bidiyon, ta shiga yi mini bayani da Hausarta mai gutsure-gutsure. Ta ce ba faɗuwar ake dubawa ba, ana duba inda ya kai kafin a kayar da shi. Ta nuna mini layukan da aka ja a fili. Ta ce kaucewar da Alhaji ya kira ragwanci ita ce sana'ar tasa. Kafaɗarta tana kusa da tawa, rabon da mu tsaya haka tun tana 'yar lakwal. Daga falo 'yar Jos ta ƙwala kira cewa layi ya kusa zuwa kanta, kuma minti biyu kawai ake ba mutum.

Ta ce, "To ban da faɗuwa, me ka gani? Gaskiya nake so."

Na karɓi wayar. Yanzu da aka cire mini kaye daga ido, sai na ga mutumin. Na ce, "Dubi ƙugunsa, a ƙasa yake, irin wannan ba a ɗaga shi da sauƙi. Dubi takunsa gajeru ne, tsohon ɗan kokowa ke taka ƙasa haka, ba ya ɓarnar ƙarfi. Kuma dubi tashinsa. Ƙato uku sun danne shi, bai jira an miƙa masa hannu ba, bai dafa gwiwar da aka yi wa aiki ba. Matashin da ke bayansa zai daɗe yana jira."

"In ɗauke shi?"

Ni da ko dokar wasan ban sani ba awa guda da ta wuce, na buɗe baki na ce, "Ɗauke shi. Ni na tsaya masa."

Ta danna a nan cikin kicin. Muka ji falo ya ɗauki ihu, dogon Bafaranshen yana cewa shi ma shi ya so ɗauka. Na fito ina gyara hula, na zauna na ci kilishina da na kawo musu.

Mako biyu bayan haka aka buɗe kakar, ran Lahadi. Ban kalla ba, don ban san tashar ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Ran Litinin da safe ina wurin aiki, na jera kwalaben ruwa zan auna, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Ita ce. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Baba, mutuminka! Ka san abin da ya yi jiya? Ba komai! Ƙwallo ma ta suɓuce masa, aka zaunar da shi a benci, aka sa matashin! Ni ce ta ƙarshe, ta ƙarshe, Baba! Kai da ƙugu a ƙasa! Kai da taku gajeru!"

Na ce a yi haƙuri, wasa ɗaya ne, tsohon hannu a hankali yake ɗumi. Ta ce wane ɗumi, mutumin da ke gudu kamar yana ɗauke da buhun gero? Na ce to laifin ƙaton gaba ne da bai buɗe masa hanya ba. Ta ce au, yanzu kuma ƙaton Alhaji ne mai laifi? Ta zage shi, ta zagi kocinsu, ta zagi gwiwar, ta dawo kaina. Na ja kujera na zauna. Ta ce Lahadi mai zuwa dole in kalla da idona in ga ɓarnar da na yi, za ta turo mini tashar, kuma kada in kuskura in kashe waya. Muka yi minti arba'in. Ruwan da ke cikin kwalabe ya wuce lokacin awonsa, sai an sake ɗebo wani.

Da na ajiye wayar, abokiyar aikina, wata dattijuwa da muka shekara ashirin a ɗaki ɗaya, ta leƙo ta ga ina share ido da hannun riga. Ta dafa ƙirji ta ce, lafiya, rasuwa aka yi a gida?

Na ce, "A'a. Ɗan wasanmu ne bai taɓuka komai ba."